Babi na Bakwai: Daga Ɗarin Garagumsa zuwa Bakin Teku

A ƙasar Garagumsa, da an gama kaka an zuba hatsi a rumbu, sai iska ta juya. Ta daina zuwa da ƙanshin hadari, ta koma busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙurar da take kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu gaisuwar safe takan zama "Ina ɗari?", a amsa da "Ɗari lokacinsa ne." Da asuba ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, wasu dararen ya kusa 10. Wanda ya zauna Turai zai ce ai wannan ba sanyi ba ne. To, shi yana da ɗaki mai ɗumi da riga mai kauri. Mutumin ƙauye kuwa ɗakin laka gare shi mai ƙofar langa-langa, ko na kara da iska ke ratsawa, ga bargo guda da yara ke ja a tsakaninsu. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, tari ya bi gida-gida, tsofaffi su kwana da kaskon wuta kusa da gado, ruwan randa ya zama abin da mai alwala ke shakka.

Takeita, hedikwatar ƙaramar hukumar Garagumsa, tana kan mararraba. Babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Maraɗi da Tasawa tana ratsa ta kafin ta shiga Damagaram, wajen kilomita 50 gabas. A nan kuma wata hanyar ta ɓalle ta yi kudu, ta bi Kance da Matamaye, ta tsallaka iyaka zuwa Daura da Kano. Wanda ya tsaya a bakin hanyar nan bayan kaka zai ga samari da ƙunshin kayansu suna jiran mota. 'Yan cin rani ne. Gona ta sallame su sai daminar baɗi, hatsin rumbu kuwa ba zai kai gida ga sabon hatsi ba in duk bakuna suka zauna a kansa. Wasu Kano za su tsaya, wasu su yi arewa, Agadas da Aljeriya da Libiya. Da yawa kuma kurmi suka nufa: Ikko, Kwatano, Lome, Ankara, Abijan. Can za su yi gadi, su tura ruwa, su yanke farce, su gasa nama, su yi tallan agogo da tabarau, su dawo da hadarin farko.

A daidai waɗannan watanni wasu mutanen kan baro garuruwansu su ma saboda sanyi, su sauka a wannan gaɓar teku. Su jirgin sama ke kawo su daga Faransa da Jamus da Suwidin, kuma ba neman kuɗi ya fito da su ba, kashewa suka zo yi. Dominsu aka gina otal-otal a kan rairayi shekaru hamsin da sittin da suka wuce. Yau gine-ginen sun tsufa, waɗanda aka yi su dominsu sun ragu, kuma tsufan nan ne ya buɗe ƙofarsu ga mutum irina da irinka.

Damagaram ba ta taɓa rasa hulɗa da teku ba, sai dai hulɗar ta kaya ce. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma rasu a 1884, ayarin raƙuma kan tashi da jemammun fatu da gashin jimina da hauren giwa, har da bayi, don gaskiya ba ta ɓuya, su bi Azbin da Gat, wata da watanni, sai Tarabulus a bakin Bahar Rum. Faransawa suka shigo a 1899. Layin dogo daga Ikko ya iso Kano a 1911, fuskar ciniki ta juya kudu, gyaɗar Matamaye da Magarya ta riƙa bin Kano zuwa jirgin ruwa. A shekarun 1950 Faransawa suka shirya yadda wani kaso na gyaɗar Nijar zai riƙa bin manyan motoci zuwa Paraku, daga nan jirgin ƙasa ya ja ta kilomita 438 zuwa Kwatano, don kayan su zauna cikin ƙasashen da suke mulka. Kwatano ta buɗe tasharta mai zurfi a 1965, Lome ta buɗe tata a 1968. Tun daga nan shinkafa da sukari da madarar gwangwani da gwanjo da tsofaffin motoci suke hawowa arewa. Duba teburin mai shago a Takeita: in ka cire abin da aka ƙera a Najeriya, kusan duk sauran sun sha iskar teku kafin su iso.

Mutanen da suka bi kayan nan ba su san otal ba, ba su kuma bukace shi ba. Falke in ya sauka baƙon gari, zango yake nema. A zango akwai maigida. Shi zai ba ka ɗaki, a aiko maka da tuwo daga cikin gida, ya ajiye maka kuɗinka, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in an ci bashinka, shi kuma ya sami la'adarsa in ciniki ya faɗa. Ba a maganar kuɗin kwana. Da wannan tsari aka yi fataucin goro na Gwanja, da shi aka riƙe cinikin shanu a Sabo ta Ibadan, kuma bai mutu ba har yau. Shi ya sa a wurin dattawanmu otal ba masaukin mutumin kirki ba ne, gidan giya ne da mata. In ka ce otal ka kwana alhali akwai 'yan garinku a birnin, ɗayan biyu za a ɗauka: ko ba ka da kowa, ko kana da abin ɓoyewa. Ban raina wannan shakka ba, don tana da tushe. Amma ta hana mu wani abu, kuma zan zo gare shi.

Gudun sanyi zuwa Afirka ta Yamma ya kankama ne a 1965, shekarar da Gambiya ta sami 'yanci, lokacin da wani ɗan Suwidin, Bertil Harding, ya kai ayarin mutanen ƙasarsu Bathurst, wato Banjul ta yau. Ba a daɗe ba kamfanin Club Med ya kafa masaukai a Asini ta Kwaddibuwa da Kap Sikirin ta Sanagal. Togo kuwa ta shiga harkar da ƙarfin da ya fi girmanta. Gaɓarta duka ba ta kai kilomita 60 ba, amma babban birninta a bakin ruwa yake zaune, ya jingina da Gana har titin bakin teku yana ƙarewa ne a shingen iyaka na Aflawo. Jamusawa ne suka mai da Lome hedikwata a 1897, suka gina fadar gwamna mai fuskantar teku, wadda aka gyara aka buɗe ta ga jama'a a 2019 a matsayin gidan zane da al'adu. Babban otal na farko, Le Bénin, an gina shi ne don baƙin bikin 'yancin kai na 27 ga Afrilu 1960.

Sauran kuɗin ƙasa ne ya gina su, ina nufin kuɗin abin da ke cikin ƙasa. Togo tana da fosfat, ma'adinin da ake takin zamani da shi. Ran 24 ga Janairu 1974 jirgin da ke ɗauke da shugaba Eyadema ya faɗi a ƙauyen Sarakawa a arewacin ƙasar. Ya tsira, ya ɗora laifi a kan Turawan kamfanin fosfat, ran 2 ga Fabrairu ya ba da sanarwar cewa gwamnati ta karɓe kamfanin. A shekarar nan farashin fosfat ya ninka ya sake ninkawa a kasuwar duniya. Kuɗi suka shigo, aka zuba su a siminti. Aka gina Hôtel de la Paix a bakin ruwa. Aka gina Sarakawa, mai makeken lambu da tafkin iyo irin na gasar duniya. A 1980 aka buɗe 2 Février, doguwar hasumiya mai hawa 36 a tsakiyar gari. Sunayen biyun nan na ƙarshe duk daga labarin jirgin suka fito. Lome ta zama birnin taro. A nan aka sa hannu kan yarjejeniyar 1975 tsakanin ƙasashen Turai da ƙasashe 46 na Afirka da Karibiyan da Pasifik, wadda ta ɗauki sunan birnin.

Akwai wani abin da ya faru a shekarun nan wanda ba a rubuta shi a takardun talla. A 1977 hukuma ta tashi zangon Lome, unguwar Hausawa da sauran mutanen arewa da ta daɗe a tsakiyar gari, ta kai su wajen kilomita 15 arewa, inda ake kira Agoe-Zongo yau. A filin da suka bari aka gina manyan bankuna. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da fataken zangon bayan tashin, ya fitar da littafi a kansu a 1983. Duk sanda na bi ta gaban bankunan nan abin yakan taɓa ni. Birnin da yake shimfiɗa wa baƙon nesa gado mai laushi a bakin ruwa, a lokaci guda ya kwashe masu saukar da baƙon kusa ya kai su bayan gari. Tun daga ranar, mutumin Nijar da ya sauka zangon Lome yana kwana ne nesa da teku, ya shigo da safe ya yi harkarsa a tasha, ya koma da yamma.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin fosfat ya faɗi kafin a gama wasu gine-ginen, bashi ya hau kan ƙasa. Daga 1990 rikicin siyasa ya ɓarke. Yajin aikin gama-gari da aka fara a Nuwamba 1992 ya kai wajen wata tara, a farkon 1993 dubban ɗaruruwan mutanen Lome suka gudu Gana da Benin, Tarayyar Turai ta yanke taimako ba ta mayar da shi cikakke ba sai 2007. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Masu gudun sanyi ba sa son jin ƙarar bindiga, sai suka sauya hanya. Hôtel de la Paix ya kwashe shekaru a rufe, iska da gishiri suna cin sa a idon kowa. Ƙananan otal-otal da suka rayu kuwa sun rayu ne ta hanyar sassauta farashi da karɓar baƙin da a da ba a sa su a lissafi ba: 'yan kasuwar Nijar da Burkina da Mali masu jiran a fitar da kwantenarsu, masu taron bita, masu bikin aure.

Wanda nake sauka a cikinsa irin waɗannan ƙananan ne, hawa biyu, titi kawai ya raba shi da rairayi. Abin da mutum zai fara gani shi ne tsatsa. Tana jikin makulli, tana jikin maratayin ƙofa, tana kan famfo da ƙarfen baranda. Fenti ya kumbura ya ɓare a bangon da ke fuskantar ruwa. Ɗan arewa da ya saba ganin kwanon rufi ya shekara talatin bai huje ba zai ce sakaci ne. Wani lokaci sakacin ne, amma akasari gishiri ne. Iskar teku tana ɗauke da shi dare da rana, ba ƙarfen da ya gagare shi, fentin bana kuwa baɗi ya zama tsoho. Don haka kada tsatsa ta zama ma'auninka. Ɗaga zanen gado ka gani ko wankakke ne, murɗa famfo ka ga ko ruwa na zuwa, duba ko akwai gidan sauro ko waya a taga, don sauron bakin teku ba ya hutun hunturu. In waɗannan sun yi, sauran duk ado ne.

Abin da tsohon otal ya fi sabo da shi yana cikin ginin kansa. An zana shi ne lokacin da ba a dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba, saboda haka magina suka yi shawara da iska. Rana takan gasa ƙasa da sauri fiye da yadda take ɗuma ruwa. Iskar da ke kan tudu ta yi zafi ta tashi sama, ta kan teku mai sanyi ta kwararo ta cike gurbinta. Daga hantsi har dare haka take busowa daga kudu maso yamma. Sai suka juya ɗakuna suka fuskance ta, suka ɗaga rufi sama, suka ja doguwar baranda don kada rana ta taɓa bango, suka sa tagogi masu yanka-yanka a gaba da baya yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can. Suka bar fili, suka dasa kwakwa da itatuwan inuwa, waɗanda yanzu sun yi shekara hamsin suna girma, abin da ba attajirin da zai saya da kuɗi ran da ya buɗe sabon gini. Sabon otal akwatin gilashi ne a rufe ruf. In wuta ta ɗauke, injin ya ƙi tashi, sai ka fito waje. A tsohon kuwa taga kawai za ka buɗe ka koma barci. Da tsohuwar zuma ake magani.

Magani kuwa jiki yana samun sa. A Janairu zafin Lome da rana yakan kai wajen digiri 32, da dare ba ya cika sauka ƙasa da 23, ruwan teku kansa ɗumi gare shi. Daren farko gumi za ka yi, riga ta manne a baya, numfashi ya yi nauyi. Bayan 'yan kwanaki sai ka lura fason ƙafa ya fara haɗewa ba tare da man kaɗe ba, hanci ya daina bushewa, tarin da ka taho da shi ya lafa. Danshin da ya yi maka wannan alheri shi ne kuma zai ɓata maka guzuri. Kilishin da zai yi watanni a Damagaram bai canza ba, a nan cikin ɗan lokaci sai ya yi laushi ya fara fumfuna. A ci shi da wuri ko a raba wa mutane. Takalmin fata da jakar dukawa ma haka, kada a kulle su a kabad. Rigar da ka wanke da safe kada ka sa rai ta bushe kafin azahar. Duk da haka Disamba da Janairu su ne watannin da suka fi sauƙi ga ɗan arewa, don ruwan sama ya ɗauke, danshi ya ragu, wasu kwanakin ma hunturunmu yakan iso har gaɓa, hazo ya rufe teku, mutanen gari su sa rigunan sanyi suna ta yi wa juna jaje. Lome dama ba ta da ruwa irin na Ikko ko Abijan. Abin da take samu a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, ko da yake ya ninka na Damagaram.

Sai ƙara. Ba wanda ya shirya ni a kanta. Taguwar ruwa takan taso ta faɗo kan rairayi da nauyi, ta ja da baya, wata ta biyo, kamar ana daka a gidan biki da manyan turame, sai dai wannan dakan ba a tashi daga gare shi. Mutumin da ya girma inda dare ke yin tsit, in ban da haushin kare da kukan jaki, zai daɗe idonsa biyu. Daga baya ita ce za ta riƙa sa shi barci. In ka fito baranda da dare za ka ga fitilu jere a kan ruwa har iyakar gani. Jiragen ruwa ne suka yi dakon shiga tasha ko sauke mai daga wani zuwa wani. Tashar Lome tana da zurfin da ya haura mita 16 a sashen kwantena da aka buɗe a 2014, abin da ya sa manyan jiragen da ba sa iya shiga tashoshin maƙwabta suke sauke kaya a nan, ƙanana su rarraba. A cikin fitilun nan akwai shinkafar da za a auna a kasuwar Dole ta Damagaram bayan wata biyu.

Da sassafe kuma masunta ke da bakin ruwa. Kwale-kwalensu dogaye ne, gindinsu daga gungumen itace guda aka sassaƙo, akasari a Gana. Sukan kai taru can ciki su zagayo da shi, a bar igiyoyi biyu a tudu, maza da yara su jeru a kan kowace suna ja da baya taku-taku, da waƙa, sa'o'i ana abu ɗaya. Mata na zaune da manyan kwanoni suna jira. In tarun ya fito, wani lokaci kifi ne mai yawa, wani lokaci rabinsa leda ce da robar ruwa. Wanda ya kama igiya ya taya ja, ko baƙo ne, ba ya tafiya hannu rabbana. Manomin Garagumsa ba ya bukatar tafinta a nan. Ya san gayya in ya gan ta.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Tekun nan ba tafkin bayan gari ba ce. Rairayin yana gangarawa ne da sauri, ruwan da ya faɗo in zai koma sai ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ya ja ka ciki. Gwanin iyon tafki ba gwani ba ne a nan, 'yan gari ma da aka haifa a bakinta tsoronta suke, kuma ba shekarar da ke wucewa ba a ji ta ci mutum ba. Tsaya inda ruwa zai taɓa idon sawu, riƙe hannun yaro gam. Mai son iyo ya yi a tafkin otal.

Maganar addini kuwa ba ta da wuya yadda ake zato. Agogon Togo yana bayan na Nijar da awa ɗaya, sai a gyara. Alƙibla tana gabas da ɗan karkata arewa, wato in ka tsaya salla teku na hannun damanka. Ruwanta mai tsarki ne, ana alwala da shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, kifi ne ko ƙaguwa ko jatan lande, saboda haka a ci ba tare da waswasi ba. Matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru ya cika sallarsa. Giya kam akwai ta, ba zan ɓoye ba, tana da ɓangarenta. Wanda bai je wurinta ba ba ta zuwa wurinsa, kuma in ka roƙi ɗaki nesa da kiɗa za a ba ka. Mahautan birnin da masu gasa nama da yawa 'yan'uwanmu ne. In an gaji da abincin otal, a tsallaka titi a ci akume, tuwon masararsu, da miyar kifi, ko koliko, wato soyayyar doya da yaji, a kora da ruwan ɗanyar kwakwa da za a sare maka kanta a gabanka.

Mai gadin dare a masaukin nan dattijo ne daga wajen Magarya. Daga jin gaisuwata ya gane inda na fito, muka daɗe muna tambayar juna mutanen gida da yadda damina ta yi.

"Malam, wane kaya kake jira? Mota ce ko kwantena?"

"Ba ko ɗaya, Baba. Hutawa na zo yi."

Ya yi shiru, ya dube ni da kyau. "Lafiya dai ko? Ba jiki ba ne?"

Tambayar tausayi ce, kuma daidai take da yadda aka rene mu. Tafiya a wurinmu tana da dalilai sanannu: neman abinci, neman magani, neman ilmi, zumunci, aikin hajji. Wanda ya fita ba don ɗayansu ba, ko dai ba shi da lafiya ko ba shi da aikin yi. Dattijon nan ya shekara da shekaru a wannan ƙofa, kujerarsa tana fuskantar masu shiga da fita, kuma ya ce mini bai taɓa tsallaka titin ya zauna a kan rairayi haka kawai ba. Ba wanda ya hana shi. Bakin tekun da ke gaban birnin Lome ba shi da shinge, ran Lahadi da yamma cike yake da iyalai da masu ƙwallo da masu doki. Shi dai bai taɓa jin cewa wurin da shi aka yi ba.

Na san abin da za a ce mini. A shekarar da rumbu bai cika ba a Garagumsa, wa ke maganar otal? Gaskiya ne, kuma ba da ɗan cin rani nake ba, wanda kowace dala tasa tana da mai jiranta a gida. Da malamin makaranta nake, da ma'aikacin asibiti, da Alhajin da ke zuwa Lome sau da yawa a shekara sayen motoci, ya kwana a kan tabarma a ofishin mai fitar masa da kaya, ya koma bai taɓa tunanin ya zo da Hajiya da yara ba. Kuɗinmu ɗaya ne da na Togo, sefa ce, ba canji. Abin da muke kashewa a anko da ɗinkin salla da gasar biki, in an rage kaɗan, ya isa kwana biyu ko uku a irin wannan masauki. Matar da ta shekara tana tashi da asuba cikin ɗari tana hura wuta ta cancanci safiyar da wani zai kawo mata shayi. Yaron da aka nuna wa Tekun Atlantika a taswirar bangon aji kuma gani ya kori ji: zai ga jirgin, ya ga ƙugiyar da ke ɗaga kwantena, ya ga layin manyan motoci masu lambar Nijar, ya gane da idonsa yadda ƙasar da ba ta da gaɓa take rataye da tashar wasu.

Wannan darasi mun karanta shi da tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, hanyar da akasarin kayan Nijar ke bi daga Kwatano. Kaya suka koma Lome, su hau arewa ta Sinkase, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja, tafiyar da takan ci makonni. Farashin shinkafa ya gaya wa kowane gida labarin. Fasinjoji kuwa suka koma sauka daga mota a Gaya, su haye kogi a kwale-kwale, su kama wata motar a ɗaya gefen. Wannan ya ƙara wa tafiyar da dama ta haura kilomita 1,500 wahala, hanyar Burkina kuwa ba ta iyali ba ce. Mai niyya ya tambayi direbobi halin da ake ciki kafin ya ɗaura kaya, ya riƙe katin shaidarsa da katin allurar shawara.

Su kansu tsofaffin otal-otal ɗin abu biyu ke cin su. Na farko teku ce. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, mafi yawansa kuma kogin Bolta ne ke kawo shi a da. Da aka gama madatsar Akosombo a Gana a 1965 sai yashin ya maƙale a bayanta. Ganuwar duwatsun da aka yi wa tashar Lome kuma ta tare ɗan abin da ya rage. Shi ya sa yamma da tasha, a gaban birni, rairayi sai faɗi yake ƙarawa, gabas da ita kuwa ruwa ke cin ƙasa. Ya cinye tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho har aka ja ta baya, ya ci gidaje da gonakin kwakwa da maƙabartu, a Garan Popo ta Benin ya kwashe wani sashe na tsohon gari. A 'yan shekarun nan an jera duwatsu an zuba yashi tsakanin Agbodrafo da Garan Popo da kuɗin Bankin Duniya, amma mai masauki a wannan gefe har yanzu yana auna tazarar da ke tsakanin katangarsa da ruwa duk shekara.

Na biyu gyara ne, kuma shi ya fi damuna. An sabunta 2 Février an sake buɗe shi a 2016. A Kwatano, otal ɗin da aka buɗe da sunan Sheraton a farkon shekarun 1980, ya koma Bénin Marina daga baya, an kawar da shi, Sofitel ya tashi a filinsa a 2024. Gine-gine ne masu kyau, ƙasashen kuma suna da haƙƙin neman baƙi masu kuɗi. Sai dai duk wanda aka gyara irin wannan gyara ya fita daga hannun malamin makaranta, kwanansa ɗaya ya koma albashin wata ko abin da ya kusa. Abin da nake roƙo ga masu ƙananan da suka rage shi ne gyaran da bai kai can ba. A sauya bututun ruwa da wayoyin lantarki, a kankare tsatsa, a sa sabuwar katifa da wayar sauro. A bar baranda yadda take, a bar tagogin suna buɗuwa, kada a sare itatuwan don a sami wurin ajiye motoci, a kuma ware ɗan ɗaki mai tsabta da tabarma da buta inda baƙo daga arewa zai yi salla.